Da Wane Mudu Ake Auna Albashin Ɗan Ci-rani?

An raɗa wa jaririn suna ubansa yana Jidda. Tun da asuba muka taso daga Birnin Kebbi, mu huɗu a mota ɗaya, muka isa Argungu an riga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, liman ya zauna, goro da dabino suna cikin faranti. Wani yaro ya ɗaga waya sama don uban jaririn ya ga taronsa. Muna hango shi zaune a mazaunin direba, cikin farar jallabiya, yana amsa barka yana waiwayen gefe, don uwargidan da yake tuƙawa ta shiga kanti, ko yaushe tana iya fitowa. Ba a gama shafa fatiha ba ya ce mu yi haƙuri, ya kashe.

Ƙanena ne, ɗan baffana. Shekararsa huɗu ke nan yana aikin direban gida a can.

Da aka watse, 'yan majalisa suka koma inuwar dalbejiya, sai zance ya juya kan abin da ake biyansa. Wani ya ce riyal 1,500 ne a wata. Nan take wayoyi suka fito. A lokacin, ƙarshen 2024, riyal ɗaya yana wajen naira 400, lissafi ya ba da dubu ɗari shida. Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya riƙe haɓa ya ce, "Shekara talatin da biyar ni yi ina aiki, ban taɓa riƙa rabin wanga ba ga wata guda." Makonni kaɗan kafin ranar Gwamna Nasir Idris ya sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 75,000 a Jihar Kebbi, ana ta murna don ya ɗara dubu saba'in na tarayya. Ke nan direban Jidda yana ɗaukar na ƙananan ma'aikata takwas. Samari biyu da ke gefe ba su ce uffan ba, amma na ga idonsu, na kuma san abin da za su kwana suna saƙawa.

Ni malamin lissafi ne, na kusa ajiye alli. Babu abin da ke ta da mini hankali irin lissafin da aka yi daidai amma aka tsaya a rabi. Ninkawar da aka yi a inuwar nan babu kuskure a cikinta. Saura ragi da rabawa, su kuma ba a cika son jin su a majalisa ba.

Abu na farko, albashin ƙanen nawa bai motsa ba tun ranar da ya sauka. Saudiyya ta ɗaure riyal da dalar Amurka tun 1986, dala ɗaya riyal 3.75, ba hawa ba sauka. Riyal 1,500 dala 400 ne jiya, dala 400 ne yau. Naira ce ta yi tafiya. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, 750 a kasuwar bayan fage, inda mutane irinmu ke canji. Kuɗinsa a lokacin dubu ɗari uku ne. A watan Yunin shekarar aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kafin Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Sai ga shi ya wayi gari da ninki biyu ba tare da maigidansa ya ƙara masa ko sisi ba. To amma duk abin da yake aiko kuɗin a saya shi ma ya bi sahu. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai dubu ɗaya kafin ƙarshen 2024. Buhun shinkafa, a jihar da ta fi kowa tinƙaho da shinkafa, ya ninka har ya wuce. Siminti haka, kwanon rufi haka, kuɗin magani haka. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Abin da kuɗinsa ke saya a kasuwar Argungu bai ƙaru da wani abin kirki ba. Shi yana nan inda yake, mu masu albashin naira ne muka gangara, daga ƙasan rami kuwa kowa dogo ne.

Da dare na kira shi, bayan ya kai mutanen gidan ya dawo da su. Ya juya wayar ya nuna mini ɗakinsa: wani ɗan ƙuƙuƙi ne a jikin ƙofar shiga gida, katifa ɗaya, na'urar sanyaya ɗaki, risho, buta, da akwatin da ya tafi da shi. Ɗakin kyauta ne, wuta da ruwa ma haka, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, shi ne ma sirrin duk abin da yake iya tarawa. Na ce ya karanta mini watansa. Wajen riyal ɗari huɗu yana tafiya a abinci da katin waya da sabulu, a ƙasar da harajin saye ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari a Yulin 2020. Ɗari takwas yana zuwa gida, ana raba shi tsakanin matarsa da mahaifiyarsa da kuɗin makarantar ƙannensa biyu. Abin da ya rage shi ne na ajiya, in wata ya wuce ba wanda ya kwanta asibiti, ba wanda ya tashi aurar da 'ya. Irin wannan watan, in ji shi, bai fi uku ko huɗu ba a shekara.

Akwai kuma kuɗin da aka ci tun kafin a samo su. Don ya biya dillalin biza da kuɗin jirgi da gwajin lafiya, sai da ya jinginar da gonar fadamar da ya gada, ya kuma ci bashi. Shekara ɗaya da rabi na farko bashi ya yi ta biya. Duk mai lissafin albashin waje da bai cire wannan ba, kallon kitse yake yi wa rogo.

Na tambaye shi ko yana jin daɗin zaman. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, ba ni da yunwa. Kowace Juma'a in an bar ni ina iya zuwa Harami. Amma fasfo ɗina ba shi hannuna."

A nan ne maganar ta bar lissafi. A Saudiyya baƙon ma'aikaci yana zaune ne a ƙarƙashin kafili, wato mutumin ko kamfanin da ya ɗauko shi, kuma da sunansa ake yi masa igama, katin izinin zama. A watan Maris na 2021 hukuma ta sassauta tsarin, ta ba ma'aikatan kamfanoni damar canza wurin aiki da fita ƙasar ba sai da yardar kafili ba, amma sassaucin bai haɗa da masu aikin gida ba, irin direbobi da masu aikatau da masu gadi. Ƙanena ya yi dace da mutanen kirki, suna biyansa a kan lokaci. Wanda bai yi dace ba, in ya gudu kafili ya kai rahoto, daga ranar ya zama abin farauta. Sai ya shiga sahun dubban 'yan'uwanmu da suka je Umara ko Hajji suka maƙale, waɗanda ake kira Takari. Za ka ji Hausa raɗau a Shara Mansur a Makka, ka ci tuwo da miyar kuka kamar kana Tudun Wada, wasu ma a can aka haifi kakanninsu. Amma marar takarda, ko yana samun abin da ya fi na ƙanena, da ido ɗaya yake barci. Ba ya zuwa asibitin gwamnati, ba ya kai ƙara in an cuce shi, in ya ga motar 'yan sanda sai ya canza hanya. Ƙarshen da yawa daga cikinsu tarhil ne, gidan tsare baƙi na Shumaisi, daga nan a sa su jirgi da kayan jikinsu. A 2013 da 2017 hukuma ta yi afuwa ta ce kowa ya fita da kansa ba tara, mutane da yawa suka dawo, wasu kuma suka ce ba su da fuskar da za su shigo gari da ita hannu rabbana.

Iyali kuwa, irin aikin ƙanena ba a zuwa da su. Waɗanda ake bari su zo da nasu, kamar injiniyoyi da likitocin asibitoci masu zaman kansu, tun Yulin 2017 aka ɗora musu haraji a kan kowane kai: riyal 100 a wata da farko, ana ƙara ɗari duk shekara har ya tsaya a 400 a 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu zai biya riyal 2,000 kowane wata kafin ya yi maganar haya ko makaranta. Ya fi albashin ƙanena gaba ɗaya. Duk da haka likitocinmu suna tafiya, don ko an cire wannan, abin da ya rage ya ninka na gida sau da yawa, ga kayan aiki, ga wutar da ba ta ɗaukewa ana tsakar tiyata. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun da suka gabata. Wanda ya taɓa kwana a layin ganin likita ba ya buƙatar a ba shi adadi.

Ina da wani tsohon ɗalibi a arewacin Ingila, yana aiki a gidan kula da tsofaffi. Yaro ne mai kai, shi ke fara gama jarrabawata. Shi na fi jin daɗin yin lissafi da shi, don ba ya ɓoye komai. Mafi ƙarancin ladan awa ɗaya da aka sa a can a Afrilun 2025 fam 12.21 ne. Mai yin awa 37 da rabi a mako zai tashi da kusan fam 1,980 a wata. Hukuma ba ta taɓa fam 12,570 na farko a shekara, abin da ya haura tana ɗaukar kashi 20 na haraji da kashi 8 na inshorar ƙasa, tun kafin kuɗin ya shiga asusu. Saura wajen fam 1,720. In ka ninka da naira dubu biyu, canjin fam ɗaya a lokacin, miliyan uku da dubu ɗari huɗu ke nan da 'yan kai. A majalisar unguwar Badariya wannan ya isa a fara kiran mutum Alhaji tun bai je ba.

Sai ragi. Lokacin da yake shi kaɗai, ɗaki ɗaya ya kama a gidan da suke raba kicin da bayi da mutum huɗu, yana ba da kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ya karɓa. Da matarsa da 'yarsu suka iso, dole ya nemi gida mai ɗaki biyu, haya ta haɗiye fiye da rabi. Ga harajin ƙaramar hukuma da kowane gida ke biya, ga kuɗin gas na ɗumama ɗaki wata shida a shekara, ga kuɗin bas. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne reno. A Birnin Kebbi bai taɓa jin an biya kuɗi don a riƙe yaro ba, akwai kaka, akwai gwaggo, akwai maƙwabta. A can kuɗin gidan reno na yini yana iya cinye ladan yinin uwar. Sai suka raba: shi aikin dare, ita na rana, suna haɗuwa a bakin ƙofa ɗaya na shiga ɗaya na fita. A watan Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi. "Malam," in ji shi, "kuɗi akwai su nan, amma ba su kwana."

Shi ma ya tsallake rijiya da baya. Daga Maris 2024 aka hana masu irin bizarsa zuwa da iyali, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗaukar sababbin masu wannan aiki daga waje. Ɗalibai an hana yawancinsu zuwa da mata da 'ya'ya tun Janairun 2024. Masu sauran bizar aiki suna biyan fam 1,035 na lafiya a kan kowane baligi duk shekara, a dunƙule tun kafin su taso. Faɗuwar nairar da ta sa ma'aikaci ya zama attajiri a idonmu, ita ce ta karya ɗaliban da iyayensu ke aika musu daga gida: kuɗin da aka tanada na shekara biyu ya ƙare a ɗaya, har wasu aka dakatar da karatunsu a 2024.

Na tambaye shi, to me ya zaunar da kai? Ya lissafa mini, kuma ban iya musa ko ɗaya ba. Albashi yana shiga ranar da aka ce. 'Yarsa ta yi zazzaɓi da tsakar dare an duba ta ba a ce ya kawo ko fam ɗaya ba. Makaranta kyauta ce kuma ana karatu. Yana tafiya daga gari zuwa gari da dare ba ya karanta duk addu'ar da ya sani. Ya tuna mini da sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021, da harin da 'yan bindigar Lakurawa suka kai Mera a ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024, nan kusa da Argungu. Waɗannan ma suna cikin tsadar rayuwa, ko da ba a rubuta su a rasit. Ba na cikin masu cewa duk wanda ya fita ya yi asara. Wasu sun yi riba ƙwarai, kuma sun san sun yi.

Amma mu ma na gida muna da kuɗin shigar da ba ma lissafawa. Ni gidan gado nake zaune, ban san haya ba. Duk kaka buhunan shanshera suna zuwa daga gonarmu, a kai inji a casa. In wata ya yi nisa mai kanti yana buɗe mini littafi. Matata tana cikin adashi. In na kwanta ciwo, kafin azahar zaure ya cika. Ranar da zan sa wa waɗannan farashi da fam, zan ga cewa albashina na malami ba shi ne rabin abin da nake ci ba.

Fita nema ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kabi. Kakanninmu sun bi hanyar goro zuwa Gwanja, suna sauka a Salaga, daga baya Kumasi da Ankara, inda zangonninsu suke har gobe. Zabarmawa da Dandawa maƙwabtanmu sun fi mu ma nisa a wannan hanya. Sarkawa masunta sun bi Kwara sama da ƙasa da taru da gora. Wasu sun nufi gabas a ƙafa don sauke farali suka yi shekaru a hanya suna noma a Sudan, wasu ba su ƙarasa ba, wasu ba su dawo ba. Amma kalmar da muka gada ita ce ci-rani, kuma kalmar tana ɗauke da ranar dawowa a cikinta. An gama girbi, an rage baki a kan rumbu, an tafi. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowa ya ɗaure kayansa, da turmin atamfa da gishiri da 'yan kuɗin haraji, ya zo ya kama fartanya. Mutum ya san abin da ya je nema, ya san yaushe zai ce ya isa. Tafiyar yanzu tana da ranar tashi a rubuce a tikiti, ranar dawowa kuwa sai ka ji an ce "in an ɗan tara."

Tarihi ya kuma nuna cewa zaman baƙo aro ne. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, mutanen da suka yi shekara talatin a zango suka sayar da gidaje a wulaƙance suka hau manyan motoci. A 1983, zamanin Shagari, mu ma muka yi wa 'yan Gana da sauran baƙi irinta, har jakar da suka zuba kaya ta samo suna. Libiya ta watse a 2011 da mutanenmu a ciki. A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, ɗalibanmu suka bi hamada a bas zuwa iyakar Masar.

Ni kaina albarkacin ɗan ci-rani na iya lissafi. Malamin da ya koya mini a sakandare, farkon shekarun 1980, Ba'indiye ne, siriri mai tabarau, yana zuwa aji a kan keke da allinsa a aljihun riga. A lokacin makarantun Arewa cike suke da malamai daga Indiya da Pakistan da Filifin da Gana, don naira ɗaya ta fi dala ɗaya. Mu ne Jiddarsu. Na tabbata a wani ƙauye can ana zama a ninka albashinsa da kuɗin ƙasarsu ana riƙe haɓa, ba wanda ya san yadda yake fama da zafin watan Afrilu a Birnin Kebbi, ko yadda matarsa ke neman kayan yajin da ta saba da su ba ta samu. Da aka karya darajar naira a 1986, ɗaya bayan ɗaya suka tattara suka tafi. Ba mu yi musu laifin komai ba, lissafin ne ya daina fita.

Wanda yake son ganin wannan juyi da idonsa ba sai ya hau jirgi ba, ya je Kamba ranar kasuwa. Sefa, kuɗin Nijar, a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957. Wajen 2019 jikka ɗaya ta sefa ba ta wuce naira ɗari shida da 'yan kai ba. A 2024 ta haura dubu biyu da ɗari biyar. Da can mutanen Dosso da Gaya ke kwararowa neman naira, suna ga-ruwa da gadi da yankan farce. Yanzu magina da kafintoci da masu gyaran babur na wajenmu ne ke tsallakawa Gaya da Malanbil su yi aiki a biya su da sefa, 'yan kasuwar can kuma suna zuwa su kwashi hatsi da arha a wurinsu, da tsada a wurinmu. Ko rufe iyakar da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wadda ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ba su hana ƙafa bin hanyar da ta sani ba.

A cikin duk waɗanda na sani a waje, in aka ce in nuna wanda ya fi kwanciyar hankali, ba zan nuna mai fam ba. Wani magini zan nuna, maƙwabcinmu, da ke aiki a Gaya. Abin da yake samu bai kai rabin na ƙanena ba. Amma yaren garin nasa ne, tuwon nasa ne, ba wanda ya riƙe masa takarda, duk mako biyu yana gida, kuma da ruwa ya sauka yana gonarsa. Da mahaifiyarsa ta rasu, da shi aka yi mata sutura. Na san wani kuma da ya yi shekara tara a Aljeriya yana aikin gini ba takarda, aka yi masa ta'aziyyar uwa da uba duka ta waya. Ba kuɗin mota ya rasa ba. In ya fito ba zai iya komawa ba, kuma gidan da yake ta aiko kuɗi a gina masa, da aka aika masa hoto, bulo ne jeri biyar ciyawa ta rufe. Wanda aka damƙa wa amanar yana nan yana yawo a gari, ana gaisawa da shi.

Wannan ɓangaren laifinmu ne, mu na gida, kuma ba mu cika son a taɓo shi ba. Bankin Duniya yana ƙiyasta abin da 'yan Nijeriya mazauna waje ke aikowa da wajen dala biliyan 20 a shekara, ban da wanda ke bi ta hannun 'yan canji, a ba da riyal a Jidda a karɓi naira a Birnin Kebbi kafin a ajiye waya. Mutane suna bin wannan hanya ne don aike zuwa ƙasashenmu ta hanyar hukuma ya fi na ko'ina tsada a duniya, kusan kashi 8 cikin ɗari. Kuɗin nan ya rufa asirin gidaje da yawa. Amma tun ranar da aka yi ninkawar nan a majalisa, mutum ya zama rijiyar unguwa. Mai neman kuɗin taki zai kira, mai ɗaurin aure zai kira, wanda rabonka da shi tun firamare zai samo lambarka. In ka ce babu, an ce ka canza. Ƙanena ya ce akwai ranakun da yake ganin kira daga gida gabansa ya faɗi, ba ya sanin ko rasuwa ce ko roƙo. Ni ma, in faɗi gaskiya, na taɓa kiransa a kan kuɗin gyaran mota.

Da kwantiraginsa ya ƙare ya zo gida. Yaron da aka raɗa wa suna ta waya ya fara tafiya, da uban ya miƙa hannu sai ya tsala ihu ya ruga bayan uwarsa, mata suna dariya, shi ma yana yi, dariyar da ba ta kai ciki ba. Kwana uku kafin yaron ya yarda ya ɗauke shi.

Ya fanshi gonar. Muka je ganinta da yamma, can cikin fadama, shinkafar rani ta yi kore shar, injunan ban-ruwa suna ta ruri ko'ina, jefi-jefi kana hango allon sola inda mai hali ya gaji da sayen fetur. Ya tsuguna ya ɗebi ƙasa ya murza. Kafilinsa ya ba shi wata uku ya yi shawara, in zai koma a sabunta masa shekara biyu. Yana son injin sola, yana son ya zagaye filinsa, ƙanwarsa kuma an sa ranarta bayan Sallah. Mai gonar da ke maƙwabtaka da tasa ya zo suka gaisa, ƙanena ya tambaye shi nawa buhun taki yake bana. Mutumin ya ce dubu arba'in. Sai na ga leɓensa yana motsi, ya ɗaga kai sama kaɗan kamar ɗalibin da aka tsayar gaban allo.

"Riyal ɗari," ya ce. "Tuƙin kwana biyu." Ya dubi gonar daga wannan kunya zuwa waccan. "Buhu nawa za ta ci, Yaya?"